Ruwan Wanke Allo

Shekarar da 'yata ta cika huɗu, gyatsa ce ta fara tona asirin cikinta. Muna cikin a-daidaita-sahu daga Rijiyar Lemo za mu Fagge, tana kan cinyata, sai ta yi gyatsa guda ɗaya, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin. Matar da ke gefena ta ja mayafi ta toshe hanci tana hararata, a zatonta ni ce. Ni kuwa ban iya haɗiye harara ba, na mayar mata da wadda ta fi tata. Da muka sauka na tsaya na dubi yarinyar da kyau. Siket ɗin da aka ɗinka mata da ƙaramar salla yana zamewa daga ƙugunta, cikin kuma ya kumbura ya yi tauri.

Zawo ne mai zuwa ya tafi. A yi kwana uku ana fama, a huta kwana huɗu, har in fara cewa alhamdulillahi, sai ya dawo. Ba jini, ba zazzaɓi, sai kumfa da maiƙo da warin da ke korar mutum daga banɗaki. Abinci kuma sai ta ci loma biyu ta ture kwano. Na yi ta zarya kemis har mai kemis ya haddace sallamata. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce shawara ce. Maƙwabciyarmu ta ce baki ne. Mijina ya ce alawa ce ta yi mata yawa, kamar ba shi ne mai shigo da ita a aljihu ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, don haka kullum da safe nakan sauke ta a gidan iyayena a Fagge, in miƙa ta daga bakin zaure in wuce a guje, in dawo in ɗauke ta bayan azahar. Gidan ƙarami ne: ɗakin Baba a kusa da zaure, na Inna a ciki, rijiya a tsakar gida, turken awakin Inna a jikin katanga. Baba daga Borno ya zo Kano yana saurayi, ya yi ɗinki a Fagge har furfura ta cika masa kai, sannan yanar ido ta raba shi da keke. Keken yana nan a ɗakinsa an lulluɓe shi da tsohon zanen Inna. Tun da ya daina ɗinki sai ya zama mutum mai yawan shiru, har 'yata ta zo duniya aka sa mata sunan mahaifiyarsa. Bakinsa bai taɓa kama sunan ba. Uwata yake ce mata. Da ya ji sallamarmu zai miƙe tsaye, ya cire hula, ya ce, “Uwata, kin kwana lafiya? Yau da wane laifi muka tashi?” Ita kuma ta ɗaure fuska ta sa hannu a aljihunsa ta ciro dabino.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in daina wahalar da kaina da kemis, in kai bayan gidan yarinyar a gwada. Ta kwatanta mini wani ɗakin gwaji a wani lungu na Sabon Gari, a saman shagon masu sayar da tayoyi. Na je da 'yar kwalba a naɗe cikin leda uku, na cusa ta a ƙasan jakata, ina tafe ina jin kamar kowa a titi ya san abin da na ɗauko. Mai gwajin wata dattijuwa ce Kirista, 'yar wajen Zariya, da Hausarta tas wadda ta fi tawa daɗi. Anti na kira ta tun ranar. Ta ga yadda nake miƙa ledar ina kallon silin, ta yi dariya.

“Malama, ajiye kunyar nan a bakin ƙofa,” in ji ta. “Mu da wannan muke cin abinci.”

Bayan kamar rabin sa'a ta leƙo ta yafito ni. Ta ce tunda ni malama ce, in zo in ga ɗalibar da ta hana ni barci. Na sa ido a madubin gwajin. Da farko haske kawai na gani, sai ta murɗa wani abu, sai ga wata 'yar halitta tana juyi a hankali, da ɗigo biyu kamar idanu da wasu zarurruka a jiki, sak fuskar tsoho mai tabarau. Na ji dariya da haushi sun taso mini tare. Wannan abar ce ta ramar mini da 'ya.

Anti ta ce sunanta giyadiya, kuma ba tsutsa ba ce. Manne wa bangon hanji take yi ta hana abinci kama jiki. In za ta fita a bayan gida sai ta shiga wani ɓawo mai tauri, ta iya yin makonni a ruwa mai sanyi tana jiran wanda zai sha. Tana kama mutum, tana kama dabba. Ta ce in kai wa likita takardar ya rubuta magani, kuma duk ruwan da zai shiga bakin yarinyar sai an tafasa shi.

Maganin ɗaci gare shi na fitar hankali. Ni da mijina muka kasa ba ta, sai Baba ne ya ɗora ta a cinya yana lallashi. “Uwata, sha ki cece mu, kin ga 'yar nan tawa za ta cinye mu ɗanye.” Ta sha tana kuka. Kafin mako ya zagayo zawon ya tsaya, ta fara neman ƙarin tuwo.

Bayan mako uku ya dawo.

Nan na zama wata iri. Na sayi filas, kullum in tafasa ruwa in cika, in kai Fagge tare da ita da kofinta. Na hana kunun aya, na hana ƙanƙara, na hana salak, na kori mai yalo daga ƙofar gidanmu kamar shi ya yi mini laifin. Na tsare Inna a gaban murhu na ce ta gaya mini gaskiya, ko tana ba yarinyar ruwan randa in na juya baya. Inna ta ajiye muciya ta dube ni.

“Wallahi tun da kika kawo tulun nan naki na Turawa, ko alwala ban bari ta yi da ruwan rijiya ba. In kuma kin ga ba mu iya reno ba, ai ke ma mu muka rene ki, ga ki nan da bakinki har kunne.”

Na tambayi Baba, ya ce shi ko kunu zai ba ta sai ya tambayi Inna da wane ruwa aka dama. Na san ba sa ƙarya. Aka sake magani, ta warke, ta sake kwanciya. A zuwa na uku Anti ba ta yi dariya ba. Ta dubi hannun yarinyar da ya zama kamar sillen kara, ta ce, “Malama, maganin yana aiki. Kashe ta ake yi, a sake kawo mata wata. Akwai abin da ke shiga bakinta da ba ki sa a ranki ba. Ki zauna ki yini da ita ki gani.”

Da aka ba mu hutun tsakiyar zango, na shirya na tafi Fagge da niyyar yini. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna ina taya ta tsince wake. Can sai ga Baba ya fito da allonsa da ƙoƙo da wani ɗan kwano mai murfi. Ban ji komai ba, don da wannan na tashi. Baba ba malamin da ake zuwa wurinsa ba ne, amma ya yi karatun allo a Borno, kuma duk wanda ciwo ya kama a gidanmu, ko jarrabawa, ko naƙuda, zai rubuta masa ayoyi a allo ya wanke ya ba shi ya sha. Na sha ba adadi. Yana da ƙa'idarsa kuma: ruwan wanke allo sai gugan farko, wanda zai ja da kansa bayan sallar asuba kafin kowa ya taɓa rijiyar, ya zuba a kwanon nan ya rufe. A wurinsa babu ruwan da ya kai wannan tsarki. Inna ma ta sha gaya mini da alfahari cewa tun da ciwon ya tsananta, Baba ya mayar da rubutun sau uku a yini. Duk lokacin da ta faɗa sai in ce Allah ya saka masa da alheri.

Ya zauna ya wanke allon a ƙoƙo, ruwan ya yi baƙi, ya kira Uwata ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu. Ina kallonta ina murmushi, sai idona ya wuce ta ya sauka a kan rijiyar da ke bayanta. Igiyar guga tana yashe a ƙasa daf da turke, wani ɗan akuya da duwawunsa suka ɓaci da zawo yana tsaye a kanta. Sai na dubi ɗan kwanon nan mai murfi. Wata huɗu ina bin kowane ɗigon ruwa da ke shiga cikin 'yata, ban taɓa ɗaukar rubutu a matsayin ruwa ba. Inna ma haka, Baba ma haka. Da suka rantse mini, gaskiya suka rantse a kai.

Da mai hankali ce ni, da na ce ta dakata, na ja Baba gefe. Ban yi haka ba. Na zabura, tiren wake ya kife, na doke ƙoƙon daga hannunta. Ya faɗi ya dare biyu, rubutun ya malale a ƙasar da awaki ke takawa. Na ji bakina yana cewa, “Baba, ashe kai ne kake kashe mini ita!”

Yarinyar ta fashe da kuka. Inna ta ce, “Ke! Kin haukace?” Baba bai dube ni ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa hannu biyu yana kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar nan yana zubawa a gaban rigarsa, yana laluben inda ruwan ya bi saboda idonsa ba ya nuna masa, don kada ƙafa ta taka ayoyin. Ni kuma ina tsaye a kansa ina bayani cikin kuka, maganar igiya da ɗan akuya da ɓawo mai tauri, duk a hargitse. Sai da ya gama kwashewa tas ya miƙe, yana riƙe da rigar.

“Ruwan ne, ko rubutun?”

“Ruwan ne, Baba.”

“To,” ya ce, ya shige ɗakinsa.

Aka sake ba ta magani, wannan karon kuma ta warke warkewa ta gaskiya. Kumatu suka dawo, siket ya zauna a ƙugu, har ta fara dukan 'ya'yan maƙwabta. Mijina ya sa aka ɗaga bakin rijiyar aka yi mata murfi, aka kafa ƙusa a bango ta rataye igiya, Inna ta mayar da turke bayan ɗaki tana mita. Abin da na roƙi Allah ya ba ni. Amma ban ji daɗin da na zata ba, domin Baba ya rataye allonsa a bayan ƙofa bai sake sauke shi ba.

Ba allon kaɗai ba. Yana gaishe ta kamar kullum, sai dai in ta sa hannu a aljihunsa babu dabino. In tana cin abinci a kusa da shi sai ya matsa. Wata rana na same shi da ɗan ƙosai a hannu, tana miƙo nata hannun, shi kuma ya ɗaga murya yana tambayar Inna, “A ba ta?” Mutumin da ya ciyar da mu bakwai da allura da zare, yau yana neman izinin ba jikarsa ƙosai. Ita kuma kullum sai ta tambaye shi ina baƙin ruwanta, ya ce tawada ta ƙare.

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai gaskiya na faɗa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na koma gida na yi kuka har na gaji. Na samu 'yata, amma ina ganin na karya mahaifina, kuma ban san ta inda ake gyara wannan ba.

An fi wata guda a haka. Wata Asabar da hantsi na shiga gidan na tarar da shi a zaure sanye da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, wadda shi ya yi mata aiki da hannunsa tun idonsa na gani.

“Ki kai ni wurin matar nan ta Sabon Gari,” ya ce. “Ina so in ga abin.”

Muka hau a-daidaita-sahu. Rabonsa da Sabon Gari tun yana zuwa sayen zare, sai ya yi ta tambayata ko shagon wane yana nan, ina cewa an rushe an yi bene. Hawan matakalar ɗakin gwajin sai da muka huta sau biyu. Anti na ganinsa ta rusuna har ƙasa ta gaishe shi, ta ba shi kujerarta. Na gaya mata abin da ya kawo mu, ban ɓoye ko maganar da na yi masa ba. Ta dube ni ta girgiza kai. Ta nemo wani gilashi daga cikin aikin ranar wanda ke da irin abar, ta daidaita madubin, ta kama hannunsa ta kai shi.

Baba ya cire tabarau ya sa ido. Ya daɗe. Ya canza ido, ya sake daɗewa. Sannan ya ɗago ya fuskanci Anti.

“Fari kawai nake gani. 'Yata, ke kin gan ta a cikin Uwata?”

“Na gani, Baba,” in ji Anti. “Sau uku.”

“Daga awakin ne?”

“Ba zan rantse ba. Zai iya zama su, zai iya zama ruwan masai na maƙwabta ne ke tsatsafowa cikin rijiyar da damina. Gidajen sun matsu da juna.”

Ya jujjuya tabarau a hannu. Sai ya fara tambayarta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗaukar awon riga. Wuta tana kashe ta? Ta ce in ruwan ya tafasa sosai. Tawadar fa, ai ita ma da ruwa ake dama ta? Anti ta buɗe baki, ta ce ita wannan bai ma zo mata ba, a dama sabuwa da dafaffen ruwa. Allon da ƙoƙon? A ɗauraye su da ruwan zafi. Hannu? Sabulu.

“Baba,” ta ce da za mu tafi, “kada ka bar addu'arka. Yarinyar nan tana buƙatarta. Ruwan kawai za a canza.”

Muka sauko muka kama hanya. Sai da muka maƙale a cunkoson kasuwar Singa, tsakanin masu tura kurar kaya da manyan motocin shinkafa, ya ce matar nan tana da tarbiyya, Allah ya yi mata albarka.

Ranar Litinin na iso da sassafe zan miƙa yarinyar in wuce, sai na tarar da shi zaune a zaure a kan buzu. Allo a jingine a gefensa, ga sabon ƙoƙo, ga kurtun tawada an wanke shi har yana ƙyalli. Inna tana tsaye a bakin ƙofar ciki da hannu a ƙugu.

“Kawo tulun nan naki,” ya ce. Na ajiye filas a gabansa. Ya ɗauki allon ya miƙo mini. “Ni na rubuta. Ke za ki wanke. Hannuna ban yarda da shi ba.”

Na durƙusa na karɓa, na juyo da shi. Rabona da kallon allon Baba kusa da kusa tun ina budurwa, lokacin da haruffansa ƙanana ne a jere, ba wanda ya fi wani. Yanzu kowane harafi ya kai babban yatsana. Layukan suna gangarowa suna hawa kan juna, wasu wuraren ya bi ta kansu sau biyu don bai ga ya riga ya rubuta ba. Inna ta sunkuyo ta raɗa mini cewa tun da ya idar da asuba yake kansa, hancinsa na gogar allon, kuma haka ya yi ta yi sau uku a yini duk watannin nan, har wuyansa ya riƙe tana gasa masa da ruwan zafi.

Na tsiyaya ruwan a hankali, ina bin layukan da tafin hannu, baƙin yana gangarawa cikin ƙoƙon. Sai da na kawar da fuskata gefe don kada hawaye ya ɗiga a ciki, tunda shi ma ba dafaffe ba ne. Na makara a makaranta ranar, ban kuma damu ba.

“Ya wanku tas?” ya tambaya. “Ni ba na gani.”

“Tas, Baba.”

“To ba ta.”

Yarinyar ta riga ta matso tana miƙo hannu. Ban ba ta ba. Na kamo hannayensa biyu na ɗora ƙoƙon a ciki, na riƙe su har sai da na ji ya kama. Ya so ya janye, na ƙi saki. Muka yi haka ɗan lokaci, ni da shi, ruwan yana rawa a tsakaninmu. Sannan ya yi gyaran murya.

“Uwata,” ya ce, “zo ki sha.”